Amsa ga Baba Alhaji, a kan dalilin da ya sa na bar shago

Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta ɗa da uba.

Ran Lahadin da ta wuce, a shirin manoma na rediyo, ka bugo waya ka tambaye ni, duk Maraɗi na ji: "Ɗana, ga shagon mahaifinka a babbar kasuwa, sa'o'inka sun yi motoci sun sauke farali, kai ka koma Jiratawa kana ban ruwan zogale. Wannan ba girman kai ba ne?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba, kuma tambayar babba ba a barin ta a ƙasa.

Shekara 7 na yi a shagon nan, ko dala ba ta taɓa ɓacewa a hannuna ba. Amma kullum na buɗe ƙofa da safe sai in ji kamar an aza mini buhun gero a ƙirji. Ina yanka wa mata atamfa, hankalina na wajen hadarin da ya taso daga gabas, ina tunanin ko su wa za su yi shuka gobe. Tsoro ne ya zaunar da ni, Baba, tsoron abin da mutane za su ce. Saboda shi na ɗinka shadda da bashi, na yi liƙi a bukin da ban san amarya ba balle ango. Zanen aro ne, bai taɓa rufe mini katara ba.

Kai ka fi ni sanin yadda gonakinmu suke bayan yunwar 1984, fayau, iska na binne shuka da rairayi. A lokacin manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara jan hankalin mutane nan jihar Maraɗi su bar tohon kututture ya tashi, su rage masa rassa kawai. Ƴan kaɗan ɗin da suka yarda, mahaukata aka ce musu, masu ƙazamar gona. Suka toshe kunne. Yau wannan dabarar, da ake kira sassaben zamani, ta rufe wajen hekta miliyan 5 a Nijar, kalgo da sabara sun dawo, gawo na zubar da ganye da damina gero ya yi kyau a gindinsa, da rani awaki su ci ƴaƴansa. Da mutanen nan sun ji tsoron dariyar maƙwabta, wace inuwa za mu shiga yanzu?

Na san bin na gaba bin Allah ne, shi ya sa ban fita ta bayan gida ba. Sau uku na durƙusa gaban mahaifina kafin ya sa mini albarka, ƙanena ya karɓi makulli, shi kuwa ciniki a jininsa yake. Sallah da zumunci ban rage komi ba. Kuɗi kam ba su kai na shago ba, akwai watan da jaka 50 ke gagara ta. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da nake gani: mai hannun ɗinki an tura shi fataucin Jibiya, yarinya mai kan lissafi an hana ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo don kada a ce ta yi kwantai. Kowa fa da kiwon da ya karɓe shi.

Shekaranjiya bayan asuba na buɗe ruwa, ina tsaye laka har idon sawu, ƴata ta sheƙo da gudu tana cewa jar akuyarmu ta haifi biyu. Wallahi Baba, ban taɓa jin irin wannan sanyi a raina cikin shago ba.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Zan shimfiɗa maka tabarma a gindin gawo, uwargida ta kwaɗa maka zogale da ƙuli-ƙuli, ka zaga garkar da ƙafarka.

Ɗanka na Jiratawa.