Wasiƙa daga Dang zuwa Kantin Kwari

Ngaundere, cikin hunturu

Zuwa ga aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Kano, ya kasuwa, ya Kawu Alhaji da mutanen gidansa? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Ka san halin Ngaundere idan hunturu ya kankama, da asuba a nan Dang, unguwar jami'armu, ruwan alwala ma sai mutum ya yi shahada kafin ya taɓa shi. Inna tana gaishe ka, ta ce shaddar da ka aiko ta iso, amma wai shadda ba ta maye kiran waya.

Na ji saƙon muryarka, har da dariyar da ka sheƙe da ita a ƙarshe. Wai "Yanzu Nuhu, sefa 50,000 ɗin da ake biya maka a shekara, magana ake koya maka da ita? Mu a Kwari kyauta muke yinta daga safe har magariba." To, amsar ba za ta shiga saƙon murya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Darasin na dabarun magana a gaban jama'a ne, kuma da Faransanci ake yinsa. Amfi, wato babban zauren lacca, ya yi wa irin wannan aiki girma, saboda haka aka raba mu rukuni-rukuni a ƙananan azuzuwa. Malamarmu 'yar kudu ce, Madam kawai muke ce mata, ba ta da tsawo amma in ta buɗe baki na kujerar baya yana jin ta ba tare da ta ɗaga murya ba. Abin da ta fara da shi tsayuwa ce da numfashi. Kowa ya miƙe, ya raba ƙafafu kaɗan, ya ɗora tafin hannu a kan cibiya, ya ja iska har sai hannun ya motsa. Ta ce mai tsoro a ƙirji yake numfashi, shi ya sa muryarsa take rawa kuma iskar take ƙare masa a tsakiyar jimla. Sannan tana da wata ɗabi'a: kana magana tana riƙe da biro, duk sanda ka ce "ee..." ko "donk" ko "bon" don cike gurbi, sai ta ƙwanƙwasa tebur. Ba ta ce maka komai, ƙwas kawai za ka ji. Wani yaro ɗan Marwa sai da teburin ya koma kamar ana kiɗan kalangu. Maganin, in ji ta, shi ne shiru: in kalma ta ɓace maka ka tsaya, ka haɗiye, ka ci gaba. Shirun da kake jin ya kai shekara, a kunnen masu sauraro bai wuce ƙiftawar ido ba. Na gwada, na ɗauki kaina a waya na saurara, gaskiyarta.

Mu da muka tashi da Hausa a baki kuma akwai namu na daban, wato "p" da "f", da "v" da ke komawa "b". Sai ta sa mu ciji biro a gicciye mu karanta jarida da ƙarfi, in an cire biron harshe ya saki. Ta ba mu labarin wani Bagirke mai suna Demostenis, wanda aka ce tsakuwa yake zubawa a baki yana koyon furuci, har ya zama gwanin magana na birnin Atina. Mu dai biro ya ishe mu.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ido.

Bashir, ka tuna yadda aka tarbiyyantar da mu. In Baba yana magana, idonka yana kan tabarma. A makarantar allo wa ya isa ya ɗaga kai ya kalli Malam? Ka je ƙofar fadar Lamiɗo ka ga yadda manyan mutane masu furfura suke tuɓe takalmi, su durƙusa, su yi magana ƙasa-ƙasa kai a sunkuye. Ga maƙwabtanmu Fulani, su kunya ma ado ce a wurinsu. Yaron da ke kallon babba ido cikin ido, sunansa fitsararre, kuma ba a ba irinsa aure da sauri. Shekara ashirin ana gina maka wannan, sai rana ɗaya a ce ka tsaya gaban mutum arba'in ka bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da Madam da ta haife ka, kuma wai in ka sunkuyar da kai alama ce ta ba ka yarda da abin da kake faɗa ba. 'Yan kudu da ke ajinmu ba su ga abin wahala a nan ba, suna miƙewa su zuba kamar a ɗakin uwarsu. Mu 'yan arewa da 'yan Cadi, waɗanda suke da yawa a jami'ar nan, sai ka ga mutum ya san karatunsa sarai amma yana yi wa takalminsa bayani. Akwai wata yarinya 'yar Garwa, duk ajin ba wanda ya kai ta kaifin ƙwaƙwalwa, amma ranar farko ko na layin gaba bai ji abin da ta ce ba.

Abin da ya burge ni da Madam, ba ta ce tarbiyyarmu ce ba ta da kyau ba. Ta ce ta daɗe a arewa, ta san sunkuyar da kai girmamawa ce. Amma mai sauraron da ba ka kalle shi ba yana ɗauka ba da shi kake ba, sai hankalinsa ya tafi wayarsa. Dabarar da ta ba mu ita ce ka zaɓi mutum uku da ka saba da su, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ka riƙa ba kowannensu jimla guda cikakkiya kafin ka matsa. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Da haka da haka sai ka ga idon ya fara sauka kan baƙin fuskoki da kansa. Yarinyar nan ta Garwa yanzu in ta tsaya, hijabinta har ƙasa, ba ta ɗaga murya sosai, amma ajin tsit yake yi. Ni dai na raba abin biyu: a aji ina kallon mutane, a gida idona yana nan inda ka bar shi. Ban ga ranar da zan gwada darasin Madam a kan Baba ba.

Sai tsarin magana. Turawan Faransa suna son ka buɗe da tambayar da za ka amsa, ka faɗi sassan maganarka tun kafin ka shiga, ka bi su a jere, ka rufe. Mu kuwa ka san yadda dattawa suke zuwa neman aure ko biko: a gaisa, a tambayi gajiya, a yi zancen damina da farashin masara, a kawo karin magana, abin da ya kawo mutum sai can a ƙarshe ya fito, wani lokaci ma a bakin ƙofa. Da farko na ɗauka namu ɓata lokaci ne. Amma da Madam ta kawo abin da Aristotil, wani masanin Girka, ya rubuta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa ana shawo kan mutane da abu uku, mutuncin mai magana, da taɓa zuciyar mai sauraro, da hujja, sai na ga ai dattawanmu da na farko da na biyu suke farawa. Doguwar gaisuwar nan mutunci ake shimfiɗawa, don in hujja ta zo ta sami wurin zama. Ka tuna malamin da ke tafsiri a unguwarmu da azumi? Yadda yake sassauta murya in ya zo ayar azaba har sai kowa ya matso, sannan ya jefo abin dariya don mutane su numfasa, ya yi wa mai jan baƙi alama ya ci gaba. Bai taɓa jin sunan Aristotil ba, kuma da zai shigo ajinmu da 20 cikin 20 zai tashi. Bambancin kawai, a aji minti biyar gare ka, kuma wanda zai ɗauke ka aiki gobe ba zai jira ka gama tambayar gajiya ba.

Da aka zo ekspoze, wato kowa ya zaɓi batu ya gabatar, yawanci suka ɗauko manyan abubuwa daga intanet, ɗumamar yanayi, dunƙulewar duniya da makamantansu. Ni na ce kilishi zan yi. Wasu suka yi dariya, har wani ya ce ɗan mahauta dai ba ya wuce fawa. Na je rumfar Baba na karɓo falle ɗaya a cikin takarda, na shiga da shi. Ban ce komai ba sai da na warware takardar na ɗaga shi sama, haske yana ratsa shi, ƙamshi ya cika ajin. Sannan na tambaye su: nama ne wannan da zai yi watanni ba firji bai lalace ba, me ya hana shi ruɓewa? Daga nan na bi aikin daki-daki. Yadda ake zaɓen tsoka marar kitse, a feɗe ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa, a shanya a kan gadon kara rana ta buge ta. Yadda ake dama labu da tunkuza da barkono da citta da kanumfari da albasa da gishiri, a tsoma naman, a sake shanyawa, sannan a gasa shi sama-sama a kan garwashi. Na bayyana cewa sirrin yana wajen fitar da ruwa, don ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba sa yaɗuwa a busasshen wuri mai gishiri. Na rufe da jirgin ƙasa: tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, matafiyin da zai kwana a hanyar Yawunde da wuya ya shiga tarago ba ƙunshin kilishi na tsaraba. Ban riƙe rubutu a hannu ba, don abin da na tashi a cikinsa ne. A nan na gane rabin tsoron da muke ji na rashin sanin abin da za mu faɗa ne, mutum ya haddace maganar wani yana fargabar kada ta zube.

Wajen tambayoyi wani ɗan Duwala ya miƙe ya ce, ƙudaje fa? Raina ya ɗan sosu, don na ji kamar da Baba yake. Amma an koya mana ka maimaita tambaya da bakinka kafin ka amsa, kowa ya ji ta, kai kuma zuciyarka ta sauka. Na ce tambayarsa tana kan hanya, shanya a fili tana da wannan matsala, shi ya sa masu kula suke rufawa da raga, kuma gashin ƙarshe yana da nasa amfanin. Aka ba ni maki 15 cikin 20. Kilishin kuwa ko takardar ban samu ba.

Abu ɗaya ne har yanzu bai kwanta mini ba, wato muhawara. Ana jefa ƙuri'a a ba ka ɓangare ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Batunmu shi ne ko a riƙa koyar da yara da harshen uwa a firamare, ni kuma ƙuri'a ta ba ni ɓangaren masu cewa a'a. Na tsaya na ce Kamaru tana da harsuna fiye da 200, a aji ɗaya na Ngaundere za ka sami Bafulatani da Bahaushe da Mbum da Gbaya da Dii, da harshen wa za a koyar, ina littattafan, ina malaman? Aka tafa mini, muka yi nasara, ni kuwa na fito jikina a sanyaye, don a zuciyata ina tare da waɗanda muka kayar. Madam ta ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin hamayyarsa da kyau ba bai san tasa ba. Na yarda da wannan, amma na ga yadda baki mai daɗi yake iya tsayar da abin da mai shi bai yi imani da shi ba. Yanzu in ina jin 'yan siyasa a rediyo sai in riƙa gane inda aka yi shiru da gangan, da inda aka maimaita kalma don a tafa, da inda aka tsallake tambaya aka amsa wata.

To, ga inda kake shigowa, tunda kai ne gwanin maganar kyauta. Ekspoze na gaba kan dabarun ciniki nake son yi. Don Allah ka ɗauko mini muryar yadda kuke tarbar mai saye a Kwari, da izinin masu shagon, tun daga "Hajiya, ƙaraso ki gani" har zuwa albarka da sallamawa. Ina son in ji inda kuke yabon kaya, da inda kuke yin shiru ku bar mutum ya shafa atamfar, da abin da kuke faɗa in ya juya zai tafi. Ka aiko kafin ƙarshen wata, don da an wuce bikin matasa na 11 ga Fabrairu za a fara kiran sunaye.

Ka gaishe da Kawu Alhaji da kyau, da su Hajiya, da duk 'yan Ngaunderen da ke nan. In ka sami mai zuwa ta Yola ka faɗa mini, Baba ya ce zai ɗaure maka kilishi mai yaji.

Wassalam.

Naka,
Nuhu