Zuwa ga Abba, a Kan Ajin Dare da Wanda Ya Sayi Janaretansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke a nan. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta soma fita tsakar gida ba tare da sanda ba. Na zaɓi in rubuto maka da hannuna maimakon in kira ka, domin na lura tun da ka koma can, duk maganar da muka fara a waya takan ƙare da "to Baba, za mu yi magana," kuma ba ma yi. Takarda ba ta yankewa, ba kuma za ka ce mini babu sabis ba.

Kawunka ya dawo daga ɗaurin auren nan, ya kwana biyu a garinku, kuma ya je ajin da kake yi bayan sallar Isha. Ya ce ya ƙirga magidanta fiye da sittin, manoma da mahauta da 'yan acaɓa, kana karanta musu kundin tsarin mulki kana fassarawa da Hausa, kuma maiɗakinka tana yi wa mata nasu ranar Asabar. Da na ji haka sai da na tashi na shiga ɗaki, don kada ya ga idona. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce kujerun ajin sababbi ne, akwai janareta da lasifika, kuma kowanne ɗauke yake da hoton ɗan majalisarku. Ya ƙara da cewa ana raɗe-raɗin sunanka yana cikin waɗanda za a naɗa masu ba shi shawara, da alawus duk wata. Tun daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kada ka ɗauka ina ƙin aikin. Aikin gidanmu ne, kuma ka san da haka. Kakanka da kake ɗauke da sunansa bai taɓa riƙe kundin tsarin mulki ba, a fatar bayansa ya karanci abin da rashin iyakar mai mulki yake jawowa. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, yana cikin telolin da suka yanki kati da wuri, kuma abin da suke faɗa wa talakawa a kasuwannin ƙauye bai wuce abu kaɗan ba: babu wanda yake da ikon kai ka noman gandunsa a tilas, kada ka biya haraji ba a ba ka rasit ba, kuma gaisuwar da ake karɓa kafin a saurari ƙararka zalunci ce. A kan wannan aka yi masa bulala aka ɗaure shi wata uku. Da ya fito ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana da 'ya'ya biyar, don kawai ya riƙa karanta rasit da kansa, ya kuma duba sikelin gyaɗa idan ya raka 'yan uwansa wurin awo. Idan wani ya ce maka maganar ƙayyade ikon gwamnati ta Turawa ce ka kwaso a jami'a, ka tuna masa cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ɗabi'un azzaluman sarakuna, tun Bature bai taka ƙasar nan da mulki ba. Haraji da jangalin kuwa ba su faɗi a Kano da Kaduna ba sai a 1979, da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau kujerar gwamna. Shekara ashirin da tara ke nan ana faɗa ana shan duka kafin a ga abin da ido.

Ni ma a wannan turbar na ƙare ƙuruciyata. Da gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, ina cikin waɗanda suka ɗauki alli suka shiga ƙauyuka, da fitilar ƙwai da allo a bayan keke. Saboda haka abin da zan faɗa maka na gani ne, kuma wani ɓangarensa ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyarka ba.

A zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990 ina da aji a wani gari, kusan kamar naka. Ɗan takarar shugabanci ya zo ya zauna a bayan aji, ya saurara, ya yaba, bayan kwana uku ya aiko mini da babur. Bai nemi in ce a zaɓe shi ba, ko da wasa. Na gaya wa kaina cewa babur ɗin na aikin Allah ne, da shi zan kai aji ƙauyuka uku maimakon ɗaya, kuma haka aka yi. Ya ci zaɓe. Bayan kamar shekara guda aka rushe rumfunan bakin kasuwa aka raba filin ga mutanensa, cikin waɗanda aka rushe wa har da ɗalibaina huɗu. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ni na koya masa rubuta sunansa, ya miƙe a cikin aji ya ce, "Malam, kai ka ce mana shugaba ba shi da ikon taɓa dukiyar mutum sai da doka da diyya. Ka rubuta mana takarda mu sa hannu." Abba, na duba agogo na ce dare ya yi, mu bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa na zo musu da darasin lissafi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya sake tayar da maganar, sai dai kujeru suka riƙa zama babu kowa, har ajin ya mutu kafin damina. Babur ɗin da kake hawa gabansa kana ƙarami, wanda kuke kira na Baba, shi ne wannan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, ni kuwa nawa askin shiru ne.

Ga abin da yake hana ni barci. Da kamu nake jin tsoro, da na ce maka ka rufe ajin ka dawo gida, kuma kada ka ce ban san kamu ba, ni ne na kulle ƙofa na zauna a bakinta a Agustan 2024 don kada ƙaninka ya fita zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma tare muka ga yaran da aka gurfanar a kotun Abuja a farkon Nuwamba suna faɗuwa don yunwa. Amma kakanka ya shiga kurkuku ya fito, mutane suka yi ta zuwa shagonsa har ya rasu. Ni ban kwana ko ɗaya a caji ofis ba, kuma har yau idan hanya ta bi da ni ta garin nan ba na sauka shan ruwa. Tsorona shi ne a saye ka da ladabi, da fara'a, ba tare da an nemi komai a wurinka ba, har ka wayi gari kana zaɓar sashen da za ka karanta da wanda za ka tsallake, kana kuma gaya wa kanka cewa hikima ce.

Ka auna da kanka. Sashe na 14 ka ce musu mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun ikonta, kuma tsaro da walwalarsu ne babban dalilin kafa ta. Wannan mai daɗin faɗa ne, ɗan majalisar ma zai tafa maka. Sashe na 35 ka ce wanda aka kama dole a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, wannan ma ba zai dame shi ba, muddin ba yaransa ne suka sa aka yi kamun ba. To ranar da ka iso sashe na 69 da na 110, inda aka ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, da hasken janaretan wa za ka karanta? Ranar da wani ya tambaye ka ina kuɗin rijiyar burtsatsen da aka sa a kasafi aka kafa allo ba a haƙa ba, ya ce ka taimaka a rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, a kan kujerar wa za ka zauna ka rubuta? Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tambayar da ta fi kamata ɗalibanka su iya ita ce nawa ya shigo kuma ina ya tafi. Wanda yake karɓar alawus a gidan da ake rabon ba ya koya wa mutane wannan tambayar, ko da ya so.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan zurfi, kuma ita ta fi ba ni haushi. Babban ciwon mutanenmu shi ne sun ɗauki gwamnati uba, mai mulki kuma mai kyauta. A haƙa musu rijiya da kuɗinsu, su tashi mota guda su je godiya. A ba su taliya da atamfa ranar zaɓe, su ce mutumin kirki ne. Ba su san duk katin wayar da suka saya akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kansa ba, don yanzu ba mai unguwa ne yake zuwa ƙofar gida karɓa ba. Kai aikinka shi ne ka cire musu wannan tunani, su gane wakili ɗan aikensu ne, mai iyaka, mai wa'adi. Sai ga shi duk daren da suka shigo ajinka, kafin ka buɗe baki, hoton da yake jikin kujera ya riga ya koya musu cewa ko ilimin 'yancinsu ma sadakar mai gida ce. Kana gini da baki, kujera tana rushewa.

Ban manta maganar da ka faɗa mini a zaure ba, a gaban ƙannenka, cewa mu ne muka yi shiru har ƙasa ta lalace. Ban amsa maka a ranar ba. Kai ba ka rayu a ƙarƙashin Doka ta Biyu ta 1984 ba, lokacin da ake tsare mutum babu shari'a, ba ka kuma san ciyar da baki tara da albashin malamin ilimin manya ba, ga jinyar Goggo, ga abin da ya biyo bayan sayar da gonar. Ni aƙalla yunwa da tsoro ne suka rufe mini baki. Kai fa? Kana da albashinka, matarka tana aiki, ba soja a kan mulki. Idan ka yi shiru a kan janareta, wane uzuri za ka kawo? Mai zagin mahaifinsa a kan shiru ya kamata bakinsa ya fi tsada da haka. Kuma kada ka ce mini za ka shiga ne ka gyara daga ciki. Na ji wannan maganar daga bakin mutanen da suka fi ka ilimi da zafi, a zamanin da jam'iyyar PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, wasunsu kuma a rediyo suka ƙare, sojojin baka, suna kare abin da suka taso suna la'anta.

Ka yi haƙuri, alƙalamin ya yi zafi. Na san ba kwaɗayi ne ya kai ka ba. Na san yadda koyarwa a duhu take, da yadda dattijo yake gajiya da zaman tabarma, kuma mai yiwuwa kawunka ya ƙara gishiri kamar yadda ya saba. Ban ce kuma siyasa haramun ce ba. Idan takara kake so, tun 2018 an sauko da shekarun shiga majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, ka ajiye ajin ga wani, ka fito a fili da jam'iyyarka, ni zan fara sa maka albarka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka riƙe alli da hannu ɗaya, ambulan da ɗayan.

Shawarata ita ce ka mayar da kayan cikin mutunci, ba da hayaniya ba, ba kuma a Facebook ba. Ka tafi da dattawa biyu daga cikin ɗalibanka, ku yi masa godiya, ku roƙe shi ya kai kujerun makarantar firamare inda yara suke zaune a ƙasa, ka ga ba a kunyata shi ba. Daga nan ɗalibai su zaɓi ma'aji da magatakarda a tsakaninsu, kowa ya riƙa ajiye abin da ya sawwaƙa duk mako, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban kowa ƙarshen wata. Wanda ya saba tambayar ma'ajin ajinsa ina naira ɗari biyunsa ta shiga, ba zai ji nauyin tambayar kansila ba. Idan ɗan majalisar yana son zuwa, ya zo a ranar da aka gayyaci abokan hamayyarsa, ya zauna a tabarma ya amsa tambaya.

Na sa ƙaninka ya tambayo kuɗin fitila mai aiki da hasken rana a kasuwar Sabon Gari, guda biyu za su ishi ajin, kuma daga fanshona za su fito, don haka kada ka yi mini gardama. Ka zo ranar Juma'a ta sama ka karɓa, ka taho da yaran, mahaifiyarka ta daka musu yaji da kuka. Idan maganar naɗin gaskiya ce, ina so in ji ta daga bakinka a zaure kafin in ji ta a rediyo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka.