Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Matasa Manoman Fadama

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan uwa maza da mata.

Ga bayanin abin da muka yi daga girbin bara zuwa na bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi da bakinsa ranar taro, shi ya sa ban saka shi a nan ba.

Da ruwa zan fara, domin shi ya cinye mana rabin shekara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, noman rani ya koma na mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa dasa shinkafa a fadamar Argungu ya san ba a ce mata "bari sai jibi". Kwana uku ka yi sanyin jiki, fangali ya tsage. Samarinmu da dama sun jingine inji sun tafi cirani, wasu na acaba, wasu na dako. Wannan ya sa taron bara ya yanke cewa kuɗin adashin ƙungiya a zuba su a famfon sola, kuma an yi hakan.

Kada a zuga abin fiye da kima. Famfon da muka saya ba shi da batir, rana ce abincinsa. Sai hantsi yake kama aiki sosai, da la'asar kuma ya fara lanƙwasa, ga shi ruwansa bai kai na injin fetur ƙarfi ba. Kowa kuwa azahar yake so a ba shi. Sau biyu aka kusa ba hammata iska a bakin rijiya kafin kwamitin ban ruwa ya fito da jadawali a rubuce, aka manna shi a ƙofar shagon ƙungiya. Da hunturu ya shigo sai ruwa ya ragu, har wasu suka fara cewa an sayar mana da jabu. Wani ƙaramin ɗan ƙungiya ne, wanda ko gemu bai fara ba, ya shafa yatsa a kan farantin sola ya nuna mana ƙura, ya sa tsumma mai laima ya goge, nan take bakin tiyo ya cika. Tun daga ranar goge faranti da asuba ya shiga cikin jadawali. Faranti ɗaya ya fashe a kan amalanke, domin kullum sai an kwaso su gida saboda ɓarayi. Duk da haka, waɗanda suka shiga layin sola ba su ci bashin mai ba bana, kuma wasu daga cikin 'yan ciranin sun aiko suna tambayar ko akwai sauran gurbi.

A wajen iri mun yi tuntuɓe, kuma laifin namu ne na shugabanni. Mun yi saurin sayen abin da wani dillali ya ce irin shinkafa FARO 44 ne zalla, ba mu nemi malamin gona ya duba ba. Da ta fitar da kai sai ga gona kamar kan mahaukaciya, wata ta nuna, wata ko ciki ba ta yi ba. Muna neman afuwar waɗanda abin ya shafa. Daga yanzu ba za a raba iri ba sai an jiƙa kaɗan an ga tsironsa, an kuma san hannun da ya fito.

Inda na fi son ku tsaya ku duba shi ne bayan girbi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta tsakanin gona da kasuwa. Mu ba sai an ba mu labari ba. A ƙasa muke sussuka, tsakuwa ta shiga, kaji su ci, raɓa ta jiƙa, a zuba a buhu da sauran danshi. Bana mun sayi tamfol na aro, wanda ɗan ƙungiya zai ɗauka ya dawo da shi, muka kuma koya wa juna amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Sirrinsa a ɗauri yake: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu ba tare da an barbaɗa magani ba. Wata uwa ta kwance buhun wakenta a gabanmu bayan watanni, ta damƙo ta watsa a faifai, ko huda ɗaya babu. Reshen mata masu gumin shinkafa su ma sun koma hura ɓuntu a madadin itace, sun rage kashe kuɗi, an bar wa daji 'yan bishiyoyinsa. A ganina wannan ɓangaren ya fi faɗaɗa gona riba, tunda abin da ka riga ka sha wa rana ne kake tsirar da shi.

Sai dai ajiya ba kullum take biya ba. Waɗanda suka riƙe shanshera suna jiran tashin farashi sun tarar kasuwa ta yi ƙasa, taki kuma bai sauko ba. Abin da aka ajiye don cin gida shi ne bai yi asara ba.

An kawo shawarar mu ci bashi da sunan ƙungiya, majalisar zartarwa ta ƙi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya mai suna Anchor Borrowers a watan Nuwamba, 2015, kuma yayyenmu sun ga amfaninsa, sun kuma ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonaki ta bar mutane da bashi a wuya. Sai mun iya karɓo kuɗin wata-wata daga hannun junanmu tukuna za mu iya riƙe na banki, kuma ma'aji zai gaya muku yawan waɗanda ake bi.

Ranar 16 ga Oktoba, Ranar Abinci ta Duniya, mun shiga makarantun firamare na kusa da mu, muka kafa 'yan lambuna na zogale, alayyafo da kuɓewa. A can ne muka karanta wa malamai alƙaluman rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2025: kimanin mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024, sama da miliyan 300 daga ciki a Afirka, alhali a 2015 ƙasashe sun yi alkawarin kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Yara sun fi sha'awar butar ban ruwa a kan lissafin. Ɗaya daga cikin lambunan kuwa, awaki sun cinye shi a lokacin hutu, saboda ba mu yi shinge ba.

Abin da ke gaban taro mai zuwa: a yanke ko famfo na biyu za a saya ko ƙarin tamfol, a zaɓi sabon kwamitin iri, a kuma ba reshen mata kujera a kwamitin kuɗi kamar yadda suka nema. Mai son shiga layin ban ruwa na rani ya ba da sunansa kafin a zuba iri, kuma duk wanda tamfol ɗin ƙungiya ke gidansa ya zo da shi.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya