Gaisuwar Babbar Sallah daga Gwanzu, da maganar zuwa ganin panda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, barka da Sallah, barka da shan ruwan Arfa. Allah Ya maimaita mana, Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan Alhaji, Ya kai haske kabarinsa. Ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Baffa, da Gwaggo, da maman Ummi da yara gaba ɗaya. Auta, kai za ka karanta wa Hajiya wannan, to ka karanta a hankali, kada ka tsallake inda aka ambace ka.

Mun yi idi lafiya. Mu da muke gabanku da awa 7, mun sauko tun kuna barci. A masallacin Xianxian muka yi, wanda ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda mutanen nan suke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka rufe shi. Wurin ya cika ya batse, har ƙarƙashin itatuwa an shimfiɗa darduma. Ga Sinawa 'yan ƙabilar Hui da fararen hulunansu, ga Larabawa, ga 'yan Pakistan, ga mutanen Mali da Gini da Nijar cikin shadda tana ɗaukar ido. Sai dai ana sallamewa kowa ya duba waya ya nufi kasuwa, domin a nan garin ranar aiki ce kamar kullum. Da dare muka haɗu mu 'yan gida a unguwar Xiaobei muka ci tuwo da naman rago na saye. Na ga hoton ragon da Yaya ya zaɓo, Allah Ya saka da alheri, Ya karɓi ibada. A tabbatar an kai wa Gwaggo cinya guda, kamar yadda Alhaji yake yi.

To, ga maganar da ta sa na zauna rubutu maimakon in bar saƙon murya. Da muka yi waya, Ummi ta ce min gobe Kawu Auta zai kai su gidan zu yawon Sallah, sannan ta ɗora da tambayarta ta kullum: «Abba, wai har yanzu ba ka ga panda ba?» Yarinyar nan ta fi shekara tana bina wannan bashi. A wurinta, duk wanda yake ƙasar Sin da safe yana buɗe taga ya ga panda. Ba ta san abin da babanta yake gani ba shi ne sito, da kwali, da sikeli, da kwantena. To na yanke shawara, in Allah Ya kai mu, zan je Chengdu, babban birnin lardin Sichuan, inda cibiyar kiwo da binciken dabbar take. Kuma ni kaɗai zan tsara tafiyata, ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ba.

Na san Baffa zai ce ai akwai su a nan Gwanzu, kuma gaskiyarsa ne. Akwai su a gandun Chimelong, har da 'yan ukun da aka haifa a 2014, waɗanda duniya ta yi ta labarinsu domin duka ukun sun rayu. Amma Sichuan ce ƙasarsu. A ƙidayar da hukuma ta fitar a 2015, panda 1,864 ne suka rage a daji, cikin duwatsun Sichuan da Shaanxi da Gansu, kuma mafi yawansu a Sichuan suke. Cibiyar Chengdu kuwa a 1987 aka kafa ta da panda 6 kacal da aka ceto daga daji, marasa lafiya, masu yunwa, yanzu zuriyar ta haura ɗari biyu. In mutum zai je sau ɗaya a rayuwarsa, gara ya je tushe.

Dalilin da ya sa ba na son bin ayarin kamfani ba rowa ba ce, Hajiya. Dabbar ce take da lokacinta. Panda da sassafe take cin abinci, lokacin ne take motsi, ƙananan su hau bishiya su yi kokawa su gangaro. Da hantsi ya ɗaga, ta ƙoshi, sai ta nemi wuri ta juya wa mutane baya ta kwanta. Motar ayari kuwa sai ta zagaya otal-otal ta kwashi mutane, kafin a iso an ci an gama. Daga nan sai ka bi mai tuta da lasifika a guje, ka ɗauki hoton bayan dabba mai barci, a ƙarshe a sauke ku a shagon tsaraba. Wani abokin aikina Basine, ɗan asalin yankin, shi ya ja kunnena. Ya ce in kasance a layi tun kafin a buɗe ƙofa da safe, in ba haka ba in ajiye kuɗina.

Sai kuma maganar watan da zan je. Yanzu dai ba zai yiwu ba. Dabbar dutse ce mai kaurin gashi, ba ta jure zafi. Da zafi ya wuce kimanin digiri 26 sai a shigar da su ɗakuna masu na'urar sanyaya iska, ka gan su ta bayan gilashi, mutane sun yi cincirindo a gaba. Yuli da Agusta ga zafi ga hutun makaranta. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, kowa ya san duk wanda ya fita a wannan mako a ƙasar nan bayan mutane kawai zai kalla. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba kuma baje kolin Canton ne, baƙinmu na Kano da Legas suna nan, ko atishawa ba ni da lokacin yi. Don haka na sa ido a kan tsakiyar Nuwamba, a ranar aiki, ba Asabar ko Lahadi ba. Sanyi ya sauko, suna yini a waje. Wani abin daɗin kuma, yawanci tsakanin Yuli da Satumba suke haihuwa, ke nan a Nuwamba jariran bana sun yi gashi, sun fara rarrafe a ɗakin reno.

Ummi da Abba ƙarami, ku matso, wannan naku ne. Uwar panda tana iya kai kilo 100, amma jaririnta idan aka haife shi bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Jajir yake zuwa, babu baƙi da farin nan, idonsa a rufe har sai ya yi makonni shida zuwa takwas. Sau da yawa tagwaye take haifa, kuma a daji ɗaya kawai take iya renowa, ɗayan sai dai haƙuri. Dabarar da ma'aikatan Chengdu suka ƙware a kai ita ce musaya: ɗaya yana jikin uwa yana shan nono, ɗaya yana cikin kwalabar jarirai, bayan ɗan lokaci a lallaɓa a sauya su. Haka ake yi dare da rana har duka biyun su yi ƙwari. Ga shi macen sau ɗaya a shekara take iya ɗaukar ciki, cikin kwana ɗaya zuwa uku kacal a lokacin bazara. Shi ya sa haihuwar panda ɗaya takan shiga labaran talabijin a nan.

Abincinta gora. Hanjinta irin na masu cin nama ne, ba ya narkar da gora sosai, don haka dole ta ci da yawa, daga kilo 12 har sama da 30 a rana, ta kwashe fiye da awa 10 tana tauna. A bidiyon da nake gani zama take yi daram, ta miƙe ƙafafu, ta riƙe sandar gora da hannu ɗaya, ta ɓare bawon da haƙori ta tofar, sak yadda Baffa yake shan rake a ƙofar gida bayan la'asar. Baffa ya yafe ni. Abin da take riƙe sandar da shi ma wani ƙashin wuyan hannu ne da ya yi tsawo, yake mata aikin babban yatsa.

Wuraren ganin su a Sichuan ba ɗaya ba ne, na ɗan yi ta juya lissafi. Akwai Bifengxia a Ya'an, akwai Shenshuping a yankin Wolong, wadda aka gina bayan girgizar ƙasar 12 ga Mayu 2008 ta lalata tsohuwar cibiyar can. Waɗannan sun fi kama da dajin asali, amma suna cikin duwatsu, tafiyar mota ce mai nisa, ni kuma Sinancina na ciniki ne, ya ƙare a «nawa ne» da «rage min». Na bar su. Ta Chengdu tana arewacin gari, kimanin kilomita 10 daga tsakiya, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 yana kai mutum kusa, daga nan bas ko tasi ta ƙarasa da kai. An faɗaɗa ta a 2022, ta zama ƙatuwa ƙwarai, sai da takalmi mai daɗi. Akwai wata 'yar panda mai suna Hua Hua, haihuwar 2020, wadda Sinawa suke haukan so, ana bin layi mai tsawo don a gan ta na 'yan mintuna. Ni ba zan bi ba. Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba, me ya kai shi zaɓe? Lokacin da jama'a suka ruga wajenta, ni ɗakin renon jarirai zan nufa.

Idan kwana ya ragu, zan hau jirgin ƙasa zuwa Dujiangyan, bai kai awa ɗaya ba. Can ma akwai cibiyar panda mai ƙarancin mutane. Amma abin da ya fi ja na can shi ne aikin ruwa da wani gwamna Li Bing ya yi wajen shekara 256 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya raba kogin Min gida biyu ba tare da ya datse shi da madatsa ba, kuma har yau ruwan yana shayar da gonakin filin Chengdu. Yaya, kai da kake fama da injin ban ruwa a Kadawa, wannan hoton naka ne.

Sauran shirin duk a waya ake yinsa. Tikitin shiga yuwan 55 ne, ana sayensa tun kafin ranar ta manhajar WeChat, da suna da lambar fasfo, kuma fasfon ne ake nunawa a ƙofa. Tikitin jirgin ƙasa mai gudu ana fara sayar da shi saura kwana 15, a manhajar 12306. Daga tashar Gwanzu ta kudu zuwa tashar Chengdu ta gabas, ta Guiyang, kusan yini guda ne. Jirgin sama bai kai awa uku ba, amma ni na ƙasan nake so, in ga ƙasar nan da idona ko sau ɗaya. Otal kuwa sai na kira na tabbatar suna karɓar baƙon ƙasar waje kafin in biya, domin dole su yi wa mutum rajista da 'yan sanda, ƙananan masaukai kuma wasu ba sa son wahalar.

Na san abin da ke ranki, Hajiya: me zan ci, a ina zan yi salla. Girkin Sichuan ya yi suna da barkono da wani ɗan yaji mai sa harshe ya mutu, kuma naman alade da kitsensa sun yi yawa a ciki, har a abin da ka ɗauka ganye ne zalla. Ba zan yi kasada ba. Shagunan taliyar naman shanu ta Lanzhou, waɗanda Musulmi suke riƙe da su, suna ko'ina da koren allonsu da alamar halal, su ne abincina tun zuwana ƙasar nan. A tsakiyar Chengdu kuma, gefen dandalin Tianfu, akwai masallacin Huangcheng da gidajen abincin Musulmi kewaye da shi. A nan kusa zan kama ɗaki, in samu Juma'a in ta faɗo. Ranar zuwa cibiyar zan sa dabino da burodi da ruwa a jaka.

Ki kuma kwantar da hankalinki, ba mai barina in kusanci pandar. Duk kyan fuskar nan dangin beyar ce, muƙamuƙin da ke fasa gora ba abin wasa ba ne. Tsakaninka da ita akwai rami da shinge. Masu jefa musu abinci ko watsa musu ruwa don su tashi a ɗauki hoto, ana rubuta sunansu a hana su shiga, wasu har abada. Saboda haka Abba ƙarami ya haƙura da maganar in taɓo masa kunnenta. Maganar in sayo masa ɗaya kuwa, ko ƙasashe aro ake ba su, a kan kuɗin da ya kai wajen dala miliyan ɗaya a shekara, kuma duk ɗan da aka haifa a can na Sin ne, sai an mayar da shi. Ƙatar ta samu guda biyu a 2022, dab da gasar cin kofin duniya, suka sa musu Suhail da Suraya. Na auduga dai zan sayo, ɗaya nasa ɗaya na Ummi, iri ɗaya girma ɗaya, don kada a yi faɗa.

Baffa in ya ce kuɗin nan da an ƙara an sayi buhun masara, a ce masa na ji, kuma kuɗin masarar damina na nan tafe ta hannun Yaya a ƙarshen wata, ba za a taɓa shi ba. Wannan daga ɗan abin da nake warewa ne.

Maman Ummi, na ji kin ce za ki ba wani mai tahowa soyayyen nama da dambu ya kawo min. Don Allah kada ki ba shi. Kwastam na nan ba sa barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi, ki jawo wa bawan Allah tsaiko a filin jirgi. In dai za a aiko, a aiko da kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Hajiya. Goron Sallar yara na tura wa Auta tun jiya, kowa da nasa a rubuce, har da 'ya'yan maƙwabta na gidan Malam. Auta, a raba kamar yadda na rubuta, kuma gobe a gidan zu ka riƙe hannun Abba ƙarami da kyau, ka san cunkoson Sallah. Ka turo min hotuna kafin ƙarfe huɗu na yammarku, bayan nan na yi barci.

A gaida Liman da mutanen masallacin unguwa, a gaida duk wanda ya tambaye ni. Hajiya, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanki, daga Gwanzu.