Kafin a Taɓa Filin Rijiyar Zaki

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Antinka da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ka sani. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba na kai ƙarshen magana sai ka ce "to Mama, na ji," ni kuwa na san wannan "na ji" ɗin tun kana firamare.

Ummi ta faɗa mini. Kada ka kira ta da faɗa, ni na tsare ta, sai da na haɗa ta da Allah sannan ta buɗe baki. Ta ce akwai wani ejan nan Abuja da ya ce ka bar masa maganar medikal, wato gwajin lafiyar masu neman tuƙin jirgi, yana da hanya, har ya turo maka hotunan littafin gwajin ido a waya, kana haddace lambobin da daddare. Tun daren Laraba ban runtsa da kirki ba.

Zan zo kan wannan. Bari in fara da kuɗi da maganar sayar da filin gado, tunda a kansu kuke ta ja da Baffanka.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki takardun da ka bari a kan firij na kai wa Kyaftin, matuƙin jirgin nan na bayan layinmu. Ya sa tabarau, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya bayan ambulan ya fara yi mini lissafi. Jami'ar nan ta Amurka da ta ba ka gurbi, kuɗinta kashi biyu ne. Akwai kuɗin karatun digiri na shekara huɗu, da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Akwai kuma kuɗin tashi, shi daban ake biyansa, awa-awa, jirgi da mai da malami. Adadin da suka buga a takarda na wanda komai ya tafi masa daidai ne. In malami ya ce saukarka ba ta yi ba, a sake darasin, kai za ka biya. In iska ko ƙanƙara ta zaunar da ku mako biyu hannunka ya yi sanyi, kai za ka biya awannin da za su dawo da kai. Ya ce a can mafi ƙarancin abin da ake nema kafin lasisin CPL, na matuƙin haya, awa 190 ne a makarantun da hukuma ta amince da tsarinsu, 250 a sauran, kuma a aikinsa bai cika ganin wanda ya gama a kan mafi ƙaranci ba.

Duk wannan da dala. Kai ma shaida ne, a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Iyaye nawa suka tura yara waje da lissafin farko, lissafi na biyu ya same su yaro yana tsakiyar karatu? Fili sau ɗaya ake sayar da shi, Abba, makaranta kuwa zango takwas za ta aiko da takardar biya. Bashin karatu na gwamnatinsu ba na baƙi ba ne. Na banki sai da wanda zai tsaya maka a can, kuma da ruwa a kai. Babanka ya rayu ya koma ga Allah bai ci kuɗin ruwa ba, bai bayar ba, ba a kaina za a fara ba.

Abin da ka fi yi mini ɗoki a kai, wai mai digirin irin wannan jami'a yana shiga kamfanin jiragen fasinja da awa 1,000 maimakon 1,500, Kyaftin ya ce gaskiya ne, amma dokar Amurka ce, kuma mai cin moriyarta shi ne wanda ke da izinin zama ya yi aiki a can. Kai da bizar ɗalibi za ka tafi. In ka dawo gida sai ka bi ta hukumar jiragen samanmu, NCAA, an mayar da lasisin na Najeriya, sannan ga abin da suke kira taif-retin, horo na musamman a kan irin jirgin da za ka tuƙa, shi ma wani tulin dala ne, kuma sau da yawa yaro ake bari da neman kuɗinsa. Ka tuna yaran nan ɗari da gwamnatin Kano ta tura Jodan koyon tuƙin jirgi a zamanin Kwankwaso. Sun yi karatu, sun dawo da lasisi, da yawansu suka daɗe a gida suna jiran wannan mataki na ƙarshe. Su fa ba filin gado aka sayar aka kai su ba.

Ni a nawa ganin, shekara biyu ta rage maka a BUK, ka ƙarasa ta. Sannan ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, tun 1964 aka kafa ta, tana yaye matuƙa, shi kansa Kyaftin can ya fito. Ga ta Ilori. Ba arha ba ne, miliyoyi ne su ma, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa hazon hunturu kan zaunar da ɗalibai a ƙasa, kwas ya wuce lokacin da aka yanka masa. Amma da naira za mu yi lissafi, kuma in zazzaɓi ya kama ka, tafiyar awa biyu ce in zo. Ko ina aka tsayar, kuɗi asusun makaranta zai shiga, mataki-mataki, lasisin farko na PPL tukuna, in an gama a biya na gaba. Sisin kwabo ba zai bi ta hannun ejan ba. Kuma filin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai rabon Yayarka, akwai na Ummi da ko aure ba ta yi ba. Tumunin takabata na yafe maka tun yanzu, har da 'yan kunne da awarwaron da Hajiya ta bar mini. Na 'yan'uwanka kuwa sai sun faɗa da bakinsu, ba a gabanka ba, ba kuma a gaban Baffanka ba.

Duk wannan maganar kuɗi ce, kuma kuɗi in sun tafi Allah na iya mayarwa.

Na san kana zaton jirgin da ya faɗi a Gwammaja ne ke hana ni barci. Ranar Asabar ɗin nan, 4 ga Mayun 2002, ina bakin aiki da tsohon cikin Yayarka aka fara shigo da mutane, kuma abin da idona ya gani ban taɓa ba ku labarinsa duka ba. Amma na yi shekara talatin da biyu ina jinya, na ga wanda hanyar Zariya ta kawo mana ya fi wanda jirgi ya kawo yawa nesa ba kusa ba. Ajali ba ya tambayar sana'a. Da wannan ne kawai, da na sa maka albarka na yi shiru.

Idonka ne, Abba.

Kana shekara bakwai Kawunka ya kawo mana kwandon tumatir daga Kadawa. Na ce ka zauna ka ware mini jajayen a faranti, ɗanyun a bar su a kwando su ƙarasa nuna. Ka zauna a bakin ƙofar kicin, ka natsu, kana ɗaga kowanne kana juyawa, ka kawo mini farantin kana murna. Kusan kashi ɗaya cikin uku ɗanyu ne shar. Na ɗaga hannu zan make ka don na ɗauka wasa ne, sai na ga fuskarka, ba wasa a cikinta. Na sauke hannun, na ce ka yi ƙoƙari, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na san abin. Mai sunanka, Allah ya jiƙansa, haka ya yi rayuwarsa, Hajiya ke ware masa hula da zare. Abin daga uba yake bi ta jikin 'yarsa ya sauka a kan ɗanta namiji. Ta jikina ya biyo ya same ka.

Za ka ce me ya sa ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Na yi ta tambayar kaina haka tun Laraba. Ba ciwo ba ne da ake sha wa magani, bai hana ka cin jarrabawa ba, bai hana ka tuƙa motar Babanka ba, ka san a danja fitilar sama ja ce ta ƙasa kore. Ban ga amfanin in sa wa yaro tabo a zuciya a kan abin da ba shi da gyara ba. Da ka fara liƙa hotunan jirage a bango na ce ƙuruciya ce. In kuskure ne, nawa ne, na ɗauka. Amma tunda har kana haddar lambobi, ashe kai ma ka sani, ka ɓoye mini kamar yadda na ɓoye maka.

Littafin nan na Ishihara na riƙe shi a hannuna ya fi a ƙirga, na buɗe wa masu neman aikin soja da direbobi. Wani likitan Japan ne ya tsara shi tun 1917, kuma ba don a wulaƙanta kowa aka yi shi ba. Na tambayi Kyaftin ina launi ya shafi tuƙi, tunda ga na'urori. Ya ce a gefen titin sauka akwai fitilu huɗu a jere. In kana kan daidai za ka ga biyu fari biyu ja. In ja ya yi yawa ka yi ƙasa, in duka huɗun ja ne ƙasa na gab da kai. Kowane jirgi da dare yana da jar fitila a fiffiken hagu, kore a na dama, da su za ka gane mai zuwa ne ko mai tafiya. In rediyo ya mutu, daga hasumiya da fitila za su yi maka magana, kore ko ja ko fari. Sannan ya ba ni labarin wani jirgin kaya na FedEx da ya daki bishiyoyi yana shirin sauka a Talahasi ta jihar Filorida, da asuba, a Yulin 2002. Mutum ukun da ke ciki sun tsira da rai. Masu bincike sun ambaci gajiya, sun kuma ambaci cewa wanda ke riƙe da tuƙin yana da matsalar bambance launi, ga fitilun nan suna nuna ja.

To kai wa kake shirin yaudara? Likita? Likita zai sa hannu ya tafi gida ya ci tuwonsa. Kai za a bari a sama da dare da mutum ɗari da wani abu a bayanka, da masu goyo da masu zuwa Umara, kowa ya miƙa wuyansa ga Allah sannan ga idonka. Ban haife ka don ka ci amanar mutanen da ba su san ka ba. Wallahi in ka karɓi takardar nan ta hanyar ejan, ko ka sa farar riga mai igiya huɗu a kafaɗa ba zan yi alfahari da ita ba, kuma ba da yawuna aka taɓa ƙasar filin nan ba. Ka ji na rantse, kuma ka san ban saba ba. Banda haka ma wautar banza ce. Tun Janairun 2025 hukumar jiragen Amurka ta mayar da gwajin launi na sababbin masu nema kan kwamfuta, ba shafin da za ka haddace. Kamfanin da zai ɗauke ka ma yana da nasa likitan. A kama ka bayan an kashe gadon marayu, a rubuta maka maƙaryaci a fayil, ina za ka sa kanka, ina zan sa nawa?

Na yi zafi, na sani. Ka yi haƙuri da ni, tsoro ne.

Ga abin da ban so ka manta ba. Matsalar nan hawa-hawa ce. Akwai mai tsanani, akwai mai sauƙi, kuma faɗuwa a littafin ba shi ne ƙarshen magana ba, akwai gwaji na gaba da ke auna ko abin ya kai ya hana aiki. Akwai masu ɗan rauni kaɗan da suka wuce shi da gaskiyarsu suna tuƙi yau. Wataƙila kana cikinsu. Ni tumatir kawai na gani, ban auna ba. In kuma aka ce iyakarka tuƙi da rana kawai, ka ga gara mu ji yanzu da kuɗin ganin likita, fili yana nan, gurbinka na BUK yana nan. Zan yi kuka tare da kai, don na san tun yaushe kake ɗaga kai in jirgi ya taso daga filin Malam Aminu Kano ya bi ta saman gidanmu, ko kana tsakiyar cin abinci.

Na tura kuɗi asusun Antinka, na medikal ajin farko ne, wanda ake nema ga matuƙin haya. Kyaftin ya ce ka duba jerin likitocin da NCAA ta amince da su, ka zaɓi wanda ejan ɗin nan bai ambata ba. Ka goge hotunan daga wayarka yau. In ka shiga, ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka ga shafukan a baya, kuma kakanka na wajen uwa yana da abin, domin ya yi maka gwajin da hadda ba ta aiki a kansa. Na sa direban da zai kawo wannan ya haɗo maka da dambun nama da yajin da kake so, rabi na Antinka ne, kada ka cinye.

In ka fito ka kira ni kafin ka kira kowa, ko me takardar ta ce. Wayar tana hannuna.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka