Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kebbi Kan Masu Karaya Da 'Yan Wasa

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu da muka rubuto maka wannan takarda ma'aikatan lafiya ne da aikinmu ya shafi ƙashi da gaɓoɓi. A cikinmu akwai likitocin ƙashi, akwai nas-nas na ɗakin tiyata, akwai masu ɗaura filasta da masu gashin ƙashi. Magana ɗaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami: da yawa daga cikin hannuwa da ƙafafun da ake yankewa bayan karaya, abin da aka yi musu cikin kwana biyu ko uku na farko ne ya ci su. Waɗannan kwanaki kuwa ba a Birnin Kebbi majinyaci yake yin su ba. Yana Kamba, ko Bagudo, ko Ngaski, ko wani ƙauye a ƙasar Zuru. Saboda haka roƙonmu ya fi karkata ga manyan asibitocin ƙananan hukumomi da mutanen da suke fara taɓa mai karaya.

Bari mu fara da yaro, domin shi abin ya fi ritsawa da shi. Ɗan shekara shida ko bakwai ya faɗo daga mangwaro, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannun gaba ɗaya ta gaban wannan wuri take bi. An kai shi wajen mai ɗori, an ja, an jera kara, an naɗe da tsumma tamau don kada ƙashi ya motsa. A ranar babu abin da ido zai gani. Amma kumburin karaya ƙaruwa yake yi har kwana biyu zuwa uku, kuma tsokar hannu tana cikin wata fata mai ƙarfi wadda ba ta buɗewa. Daga ciki kumburi yana tasowa, daga waje ɗauri ya hana, sai jini ya kasa shiga tsoka. Tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini ta fara mutuwar da ba ta da gyara.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. Zafi ne da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, wanda magani ba ya kwantar da shi. Idan aka miƙe wa yaro yatsu zai ƙwalla ihu. Daga nan yatsu su fara dindiris, su yi sanyi, fata ta yi ƙuraje masu ruwa, a ƙarshe ta yi baƙi. Wani abu da ke yaudarar har ma'aikatan asibiti shi ne ana iya jin bugun jijiya a wuyan hannu alhali tsoka tana mutuwa. Wanda ya tsaya jiran bugun ya ɗauke, ya makara. Abin yi a nan take shi ne a kwance duk wani ɗauri har a ga fata, a ajiye hannun daidai da ƙirji, idan zafin bai sauka ba a shiga ɗakin tiyata a tsaga wannan fata mai ƙarfi tsoka ta samu sarari. Aiki ne da likitan da aka koya masa zai iya yi a Yauri ko Argungu. Idan ba a yi ba, ɗayan biyu ne: hannu ya bushe yatsu su ƙanƙance har abada, ko ya ruɓe a yanke.

Filastar asibiti ma tana yin wannan ɓarna idan aka zagaye sabuwar karaya da ita. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a kwanakin farko a sa rabin filasta ta baya kawai, a kan auduga, a bar yatsu a waje, a ɗaga hannun, sai kumburi ya saɓe sannan a zagaye.

Masu ɗori ba abokan gabanmu ba ne, kuma ba ma neman a hana su sana'ar da suka gada. Suna kusa da jama'a, ana biyan su da kaɗan-kaɗan, kuma karayar da ba ta goce ba, ba ta huda fata ba, takan warke a hannunsu. Abin da muke roƙo shi ne ma'aikatarka ta bi ta masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru ta tara su tare da shugabanninsu, a zauna da su cikin girmamawa, a nuna musu hoton ƙashi, a yi yarjejeniya kan karayar da ba za su taɓa ba: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga cikin gaɓa, ta gwiwar hannun yaro, ta ƙugu, ta cinya da ta gadon baya. Sauran kuma a ɗaure yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin, a bar kan yatsu a buɗe, a sake dubawa washegari da safe, a daina murza wurin da ya karye. A ba kowannensu lambar wayar asibiti mafi kusa. Mu ma a namu ɓangaren, a ja wa ma'aikata kunne su daina yi wa wanda ya zo daga wajen ɗori faɗa. Uban da aka kunyata a gaban jama'a ba zai sake kawo ɗansa ba, maƙwabcinsa ma ba zai zo ba.

Sai karaya mai rauni, wadda haɗarin kabu-kabu a hanyar Jega zuwa Koko da Yauri, ko harbin bindiga, ko injin gona ke kawowa. Ƙashin ƙwauri ne ya fi fitowa saboda fata ce kawai a kansa. A nan agogo ake kallo. Cikin awa ɗaya da isowa ya kamata a ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a yi masa ta tetanas, a rufe raunin da gozi mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, a tallafe ƙafar. Kafin awa 24 a kai shi ɗakin tiyata a yanke duk naman da ya mutu, a fitar da ƙasa da tsumma, a wanke da ruwan gishiri, daga lita 3 ga ƙaramin rauni har lita 9 ga babba mai datti. Sannan a riƙe ƙashin da ƙarafan waje, waɗanda ake huda ƙashi da su sama da ƙasan raunin a haɗa da sanda, domin a riƙa wanke ciwon ba tare da ƙashi ya motsa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗinke raunin tsaf tun a ɗakin karɓar gaggawa don ya yi kyan gani. An rufe datti ke nan a kan ƙashi. Bayan wata biyu sai ƙafa ta fara tsiyayar mugunya, wani yanki na ƙashin ya mutu a ciki, magani ba ya kai masa saboda jini ba ya zuwa wurin. Wannan ciwo yana iya cin shekaru da tiyata uku ko huɗu, ya cinye gonar mutum da dabbobinsa. Ruwan gishiri, gozi, allura da saitin ƙarafan waje da za su hana haka ba su kai kuɗin wannan doguwar jinya ba.

Karayar cinya tana iya zubar da jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin naman cinya ba tare da an ga ɗigo a waje ba, don haka asibitin da ba shi da jini a ajiye bai shirya karɓar ta ba. Idan aka rataya wa ƙafar nauyi, magidanci zai yi wata biyu zuwa uku a kan gado. Idan aka zura masa ƙarfe a cikin ɓargon ƙashin, cikin 'yan kwanaki zai tashi da sanduna. Akwai irin wannan ƙarfe na ƙungiyar SIGN, wadda likita Lewis Zirkle ya kafa a Amurka a 1999, an ƙera shi ne musamman don a iya sa shi ba tare da na'urar hoton ƙashi ta ɗakin tiyata ba. Ya dace da asibitocinmu, kuma muna ba da shawarar jiha ta nemi shiga tsarin.

Abin da ke korar mutane daga asibiti ba tsoron yanka kaɗai ba ne. Ana rubuta wa 'yan uwa kuɗin ƙarfe, su tafi neman wanda zai sayi saniyarsu ko buhun shinkafarsu, mako ya wuce, a ƙarshe su sa hannu su ɗauke majinyacinsu. Muna roƙon a ware asusun da zai ajiye ƙarafa da kusoshi a asibiti, a yi aiki tukuna a biya daga baya, kuma a zauna da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, a ga yadda kulawar kwana biyun farko za ta shiga inshora. Kafin a sayi kowace babbar na'ura kuma, a tabbatar akwai wutar sola a ɗakin tiyata, akwai tukunyar dafa kayan aiki mai lafiya, akwai mai ba da maganin barci, akwai mai ɗaukar hoton ƙashi da dare.

Akwai yaran da matsalarsu ba faɗuwa ba ce. Kusan jariri ɗaya cikin dubu ana haihuwarsa da ƙafa a murɗe ta kalli ciki. Da hanyar Ponseti ana gyara ta: filasta biyar ko shida, ana canzawa duk mako, sai a ɗan yanke jijiyar dunduniya, a sa filastar ƙarshe ta mako uku, sannan takalmi mai sanda awa 23 a rana har wata uku, daga nan da dare kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Inda ake samun matsala shi ne wajen sa takalmin. Da an daina sawa ƙafa take komawa. Ungozomomi ya kamata a koya wa su turo tun makon farko. Haka yaron da ke zazzaɓi ya ƙi taka ƙafa, yana kuka idan an motsa ƙugunsa ko gwiwarsa, a ɗauka mugunya ce a gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce, domin cikin kwana ɗaya ko biyu take cinye guringuntsi. Masu sikila kuma, ciwon ƙugun da ya ƙi tafiya yana iya zama kan ƙashin cinya ne ke mutuwa saboda toshewar jini, a yi musu hoto da wuri.

Ranka ya daɗe, 'yan wasanmu su ne waɗanda ba kowa ke tunawa da su ba sai ranar da suka ci kofi. Ana kokawa da dambe a bikin kamun kifi na Argungu, ana kokawa a ƙasar Zuru, ana ƙwallo a filin Haliru Abdu da kowane fegi na unguwa. Raunukansu sanannu ne. Ɗan kokawa kafaɗa ce ke goce masa. Idan aka mayar da ƙarfi ba hoto, ana iya karya wuyan ƙashin ko a taɓa jijiya, kuma matashin da ta goce masa sau ɗaya ya koma fage ba gashi, za ta yi ta gocewa. Ɗan dambe ƙasusuwan bayan hannu ne ke karyewa, idan suka haɗe a murɗe yatsa zai hau kan ɗan uwansa duk lokacin da ya dunƙule. Mafi haɗari shi ne bugun kai: wanda ya faɗi ya ruɗe, ko ya manta inda yake, ko ya yi amai, kada ya koma fage a ranar ko da ya rantse ya warke, ko da makaɗa suna zuga shi. Bugu na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta huce ba yana kisa.

A ƙwallo, targaɗen idon sawu ya fi yawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan ba zai iya taku huɗu ba, ko ya ji zafi sosai da aka danna bayan ƙashin idon sawun, a yi hoto. In ba haka ba, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, bandeji, ɗaga ƙafa, sannan atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya kafin ya koma. Gwiwa kuwa, idan ta murɗe ya ji ƙas, ta cika da kumburi cikin awa biyu, galibi igiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, shi ya sa ake ce wa yaro ba komai, ya koma fili, gwiwa ta riƙa zamewa tana cin guringuntsi har ya tsufa da ciwon gwiwa tun yana ɗan talatin. Ko an yi tiyata, sai ya yi kamar wata tara yana gashi kafin gasa. Babbar ɓarna a nan ita ce allurar kashe zafi da tiramadol da ake ba ɗan wasa don ya ƙarasa wasa, yana taka abin da ya tsinke bai ji ba.

Muna roƙon ka haɗa kai da ma'aikatar wasanni a kafa sharaɗi: duk gasar da gwamnati ta amince da ita, a samu ma'aikacin lafiya da ya san raunin wasa, da gadon ɗaukar majinyaci, da abin tallafe wuya, da mota a tsaye, kuma maganarsa ce ta ƙarshe kan wanda zai ci gaba. A koya wa masu horarwa atisayen ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, ba ya bukatar kayan aiki, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Likitocin ƙashi kaɗan ne, ba za su ishi ƙananan hukumomi 21 ba, kuma ba kowane talaka ke iya zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa na Sakkwato ba. A tsara musu zagaye na wata-wata zuwa Argungu, Yauri da Zuru, su yi aiki su kuma koyar da likitocin da ke can, a buɗe layin waya da za a turo hoton ƙashi a samu shawara cikin awa ɗaya. Sannan a umarci kowane asibiti ya buɗe rajistar duk gaɓar da aka yanke: shekarun mutum, garinsu, abin da ya same shi, wanda ya fara taɓa shi, da kwana nawa ya yi kafin ya iso. Bayan shekara ɗaya rajistar za ta nuna maka gundumomin da ya kamata a fara zama da masu ɗorinsu. A shirye muke mu zo ofishinka da jerin kayan da kowane asibiti ke bukata duk ranar da ka kira mu.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu aikin ƙashi da gaɓoɓi,
Jihar Kebbi.