Harajin Ƙananan Ƙunshi a Amurka: Ƙaramin Mai Aika Kaya Ne Ya Fi Jin Jiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani kan harajin da Amurka ta ɗora wa ƙananan kayan da ake saya ta intanet. Yawancin hirar da ake yi a kai ta tsaya ne kan manyan kamfanonin sayar da kaya ta intanet, Temu da Shein, alhali wanda abin ya fi taɓawa shi ne mai ɗinkin hula ko mai turaren wuta da ke aika ƙunshi biyu ko uku a wata.

Ga asalin maganar. A da Amurka tana da wani rangwame da 'yan harkar fito ke kira de minimis: duk ƙunshin da kuɗinsa bai kai wani adadi ba, yana shiga ba haraji, kuma takardunsa kaɗan ne. A 2016 aka ɗaga adadin daga dala 200 zuwa dala 800. Daga nan kaya suka yi ta kwarara, har a shekarar kuɗi ta 2024 kwastam ɗin Amurka ta karɓi irin waɗannan ƙunshi kusan biliyan 1.36, wato kimanin miliyan 4 a kowace rana. Gwamnatin Shugaba Trump ta soke rangwamen ga kayan Sin da Hong Kong ranar 2 ga Mayun 2025, sannan ta soke shi ga duk duniya ranar 29 ga Agusta.

Manyan kamfanoni ba su tsaya kuka ba. Temu da Shein sun ƙara farashi tun ranar 25 ga Afrilu, kafin dokar ta fara aiki, sannan Temu ya karkata ga sayar da kayan da ke ajiye a sito cikin Amurka. Hikimar a nan ita ce lissafi. Wanda ya shigo da kwantena guda, ana yanka masa haraji kan farashin sari, kuma takardar fito ɗaya ce ta rufe dubban kaya. Wanda ya aika riga ɗaya kuwa, kan farashin da mai saye ya biya za a yanka, sannan kuɗin cike takardu ya hau kan rigar nan ita kaɗai. Doka ɗaya ce, amma nauyinta ba ɗaya ba ne.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne gidan waya. Umarnin da ya soke rangwamen ya ce ba mai karɓa ne zai biya a can ba, mai jigilar kayan ko wani wakili da kwastam ta amince da shi ne zai tara kuɗin ya miƙa. A lokacin yawancin gidajen waya ba su da tsarin yin haka, kuma wata ɗaya kacal aka ba su. Shi ya sa na Jamus, Faransa, Japan, Indiya da Ostareliya suka dakatar da karɓar wasu ko dukkan ƙunshin kaya zuwa Amurka. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, ta ce 88 ne suka dakatar, kuma a ranar farko aika saƙo zuwa Amurka ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

An ba gidajen waya zaɓi biyu na tsawon wata shida daga ƙarshen Agustan 2025: ko a yanka kaso cikin ɗari na kuɗin kaya, ko a biya tsayayyen kuɗi, dala 80, ko 160, ko 200, gwargwadon harajin da aka ɗora wa ƙasar da ta yi kayan. A lokacin Najeriya tana kan kashi 15, don haka ta faɗa matakin dala 80, kuma shi hukumar gidan waya ta Najeriya, NIPOST, ta sanar a 2025 za a riƙa biya tun a nan gida kan kowane ƙunshi, ban da wasiƙu da takardu. A dubi abin da hakan ke nufi. Huluna huɗu a kan dala 15 kowace, jimla dala 60. Kashi 15 na wannan dala 9 ne. Tsayayyen kuɗin kuwa dala 80, ya fi kuɗin hulunan gaba ɗaya. A ganinmu wannan ba haraji ba ne na daidaita kasuwa, rufe ƙofa ne ga ƙaramin mai sana'a.

Su ma masu saye a can, waɗanda kayansu suka zo ta kamfanonin dako ba ta gidan waya ba, sun sha mamaki. Mutum ya biya kuɗin kaya da na dako, yana ganin ya gama, sai saƙo ya zo masa cewa ba za a miƙa masa ba sai ya biya haraji, a kai kuma ga ladan kamfanin dako na yin fito a madadinsa. A ƙaramin kaya, ladan nan yakan kai harajin ko ya wuce shi. Da yawa sai su ƙi karɓa. Kayan da aka ƙi karɓa ko dai a mayar da su a kuɗin mai aikawa, ko a yi watsi da su, mai saye kuma ya nemi a dawo masa da kuɗinsa. Asara biyu ke nan a kan mai sayarwa, har da ta suna.

To, me mai aika kaya zai yi? Abu na farko, ya san cewa ƙasar da aka yi kaya ake dubawa, ba ƙasar da aka aiko su ba. Atamfar da aka buga a Sin, ko daga Kantin Kwari ta tashi, harajin Sin za ta biya. Rashin sanin haka ne ke janyo a ga kuɗin ya ninka abin da aka yi tsammani.

Sai bayanin kaya. Rubuta "kaya" ko "tufafi" kawai a kan takarda shi ke sa a tsare ƙunshi. A rubuta ko mene ne, na maza ko na mata, guda nawa, da abin da aka yi shi da shi, domin harajin yadin auduga dabam yake da na roba, kuma na wasu tufafin roba yana kaiwa kashi 32 tun kafin a ɗora sabon ƙarin. Kowane kaya yana da lambarsa ta kwastam, wadda ake kira HS: alƙaluma shida na farko duk duniya ɗaya ne, Amurka kuma tana cika su zuwa goma. Lamba ta kuskure tana kawo harajin kuskure, kuma neman a mayar da rarar da aka biya aiki ne mai cin watanni.

A yanke shawarar wanda zai biya tun kafin a ɗaure kaya. Tsarin da ake kira DDP shi ne mai aikawa ya biya komai tun a nan, ya saka a cikin farashi. Farashin zai yi tsada a ido, amma ba a barin mai saye da bashi a bakin ƙofa. In har za a bar masa ya biya, a gaya masa a rubuce kafin ya tura kuɗi. Kuma tunda kuɗin takardu kan kowane ƙunshi yake hawa, gara masu sana'a biyar su haɗa odarsu wuri guda, su aika wa amintaccen mutum ɗaya ya rarraba a can. Sai dai a kula: in jimlar ta wuce dala 2,500, an shiga cikakken fito mai ƙarin sharuɗɗa.

Muna jan kunne kan dabaru biyu da ke yawo. Rage kuɗin kaya a rasit laifi ne, ana ƙwace kaya a ci tara, kuma in ƙunshin ya ɓata, kan ƙaramin kuɗin da aka rubuta za a biya diyya. Ta biyun ita ce kiran kayan ciniki kyauta. Gaskiya ne kyautar da mutum ya aika wa mutum, wadda ba ta wuce dala 100 ba, tana nan ba haraji, amma huluna goma iri ɗaya da takardar farashi a ciki ba su yi kama da tsaraba ba. Kilishi da dambun nama kuwa ba maganar haraji ba ce sam, ba a yarda a shigar da su ba.

Kada a ɗauka Amurka ce kaɗai. Burazil ta sa kashi 20 kan kayan da ba su wuce dala 50 ba a Agustan 2024, Tarayyar Turai kuma ta amince ta kawo ƙarshen rangwamenta na yuro 150, bayan ƙunshi biliyan 4.6 sun shiga mata a 2024. Najeriya kuwa akasin haka ta yi: daga 8 ga Satumban 2025 kayan da ba su wuce dala 300 ba suna shigowa ba haraji, sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya. Muna roƙon NIPOST da hukumar kwastam su wallafa waɗannan ƙa'idoji da Hausa, tare da misalan lissafi, su liƙa a kowane gidan waya, domin mai kawo ƙunshi ya san abin da zai biya kafin ya taso daga gida.

Naku,
Wasu masu harkar fito da aika kaya, Kano.